Bokitin Batulu Yana Jiran Albarka

Shekarar korona, bayan ƙaramar salla da aka sassauta dokar kulle, ƙaramar hukuma ta yi wani abin kirki wanda ko sarkin 'yan ƙorafi sai da ya yaba. Ta ce masu ƙananan sana'o'i su koma bakin nemansu, amma da sharaɗi: ba mai buɗe shago ko rumfa sai ya tanadi wurin wanke hannu a ƙofa. Da yake an san kulle ya cinye jarin kowa, sai ta raba wa masu abinci da masu shayi da masu aski bokitin wanke hannu kyauta, haɗe da sabulu da takunkumi. Ba irin bokitin da kuka sani ba ne. Kore ne shar, an ɗora shi kan ƙarfe mai ƙafa huɗu, ga famfo a gindinsa, ga wani ɗan mataki a ƙasa wanda in ka taka sai ruwa ya zubo, hannunka bai taɓa komai ba.

Batulu mai shinkafa da wake ta bakin tashar Birnin Kudu tana cikin waɗanda rabonsu ya tsaga. Ranar nan bakinta ya ƙi rufuwa. Rumfar nan tata ita ke riƙe da gidan surukanta kaf, tun da aka rufe hanyar Kano mijinta Iliyasu ya jingine motar hayar da yake ja ya koma zaman benci. Kulle ya ci akuyarta, ya ci 'yan kunnenta, amma ta daure ta ɓoye buhun shinkafa ɗaya da ɗan wake da jarkar mai a bayan gado, ta ce ko ana ha-maza-ha-mata ba mai taɓa su, da su za ta tashi. Sarkin tasha kuwa ya riga ya yi shela: duk rumfar da satin babbar salla ya riska a rufe wani za a ba, don masu nema sun yi yawa.

Da ta wuce da bokitin nan tasha kai tsaye, da yau ba wannan labarin ake ba. To amma Batulu 'yar mutunci ce. A gidan Malam Hambali, mahaifin Iliyasu, ba a fara morar sabon abu sai an kai wa tsoho ya ɗora hannu ya sa albarka. Zane ne, tukunya ce, ko takalmin jinjiri, duk sai sun bi ta zaure. Abu ne na ɗan ƙanƙanen lokaci. Ya shafa, ya yi addu'a, a ce amin, kowa ya kama gabansa.

Iliyasu ya cicciɓo bokitin ya dire gaban mahaifinsa. Batulu ta durƙusa can bakin ƙofa, kai a sunkuye, domin tun da ta shigo gidan ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, maganarsu kuma ba ta wuce ina kwana da ina wuni.

Shi dai Malam Hambali bai taɓa yarda da korona ba. A cewarsa ciwon masu hawa jirgin sama ne, shi kuwa ko na ƙasa bai taɓa shiga ba. Ya ƙare wa bokitin kallo, ya ce, "Wannan kuma mene ne, kamar injin markaɗe?"

Iliyasu ya ce, "Na wanke hannu ne, Baba. Hukuma ce ta ba ta. Taka nan ka gani."

Tsoho ya taka. Ruwa ya tsarto, ya yi baya da sauri har hula ta karkace. Ya gyara ta, ya sake takawa a hankali. Ya ɗaga ƙafa, ruwa ya tsaya. Ya taka, ya zubo. Sai ga haƙoran goro a waje.

"Allah mai iko! Wato ba buta, ba mai zuba maka?"

"Babu, Baba."

"To a bar shi ya kwana nan. Abin da ya fito daga hannun hukuma ba a sa masa albarka a tsaitsaye."

Batulu ta ce a ranta kwana ɗaya ai ba shekara ba ne.

Washegari da azahar ta leƙa ta kafar zana, sai ta ga dattawan unguwa sun yi layi a ƙofar gida, kowa ya naɗe hannun riga. Alwala suke. An bar butocin masallaci suna shan rana. Malam Hambali na tsaye a gefe, ya saƙala takunkumi a ƙarƙashin gemu, yana ba da umarni kamar mai koyar da tuƙi: "A hankali, Malam, ba birki ba ne. Ɗan taɓa shi kawai." Ta ji wani ya tambaye shi inda ya samo, ya ce, "Hukuma ce ta aiko mana." Ba za ka ce ya yi ƙarya ba, amma ba za ka ce ya faɗi gaskiya ba.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Tsohon da a da sai ya wuni a zaure daga shi sai ƙuda, yanzu har daga Kangire ake zuwa ganin bokitin da ake takawa. Bokiti kuwa ba ya cika kansa. Batulu ce ke zuwa rijiya ta ɗebo ta cika, a taka ya ƙare, ta sake ɗebowa. Sabulun hukuma ya shige makewayi aka yi wanka da shi. Takunkumin da ya rage, da aka ga yadinsa mai laushi ne, sai aka mai da shi abin tace kamu. Baƙo kuma ba ya zuwa daga Kangire ya koma da yunwa. Ranar da Malam Hambali ya fara aikowa a ɗan dafa wa baƙi wani abu, Iliyasu ya tsaya yana sosa ƙeya, idonsa na kan bayan gado. Da hannunta Batulu ta kwance bakin buhun, tana ɗiba tana jin kamar naman jikinta take yanka.

Da safe ta tare mijinta yana shan koko, ta ce, "Malam, har yanzu albarkar ba ta gama shiga ba?"

"Haba Batulu. So kike in je in tsaya gaban mahaifina in ce ya yi sauri?"

"Ba sauri na ce ba. Tuna masa za ka yi."

"Ai ya sani. Jiya ma sai da ya ce Allah ya yi miki albarka."

"Ni aka kai masa ko bokiti?"

Iliyasu ya kurɓi koko ya ce, "Ke dai ba ki da haƙuri. Kin taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na kwanakin nan? Ko ciwon gwiwar nan ya daina ambata. Lada kike samu, ba ki sani ba."

Da ta ga ladan ba zai buɗe rumfa ba, sai ta yi dabara. Ta dafa 'yar tukunya, ta kai tasha, ta ajiye buta da roba da guntun sabulu a ƙofa. Direbobi suka yi ca, kowa na murnar ta dawo. Ba ta sallami mutum uku ba sai ga duba-gari, wani dogon mutum mai sanyin magana. Ya dubi butar, ya dube ta.

"Hajiya, butar nan kowa sai ya kama ta da hannu. Ai abin da ake gudu ke nan. Ina bokitin da muka ba ki?"

"Yana gida, ranka ya daɗe."

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Albarka ake sa masa."

Duba-gari ya ce, "Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

Mutumin ɗan gari ne, nan take ya gane inda aka dosa. Ya ce in ta yarda shi zai je da kansa ya karɓo mata, tunda da sunanta aka bayar. Batulu ta dafe ƙirji. Ita ta kai wa surukinta hukuma har ƙofar gida? Ai da wannan abin kunya gara ta kwashe kayanta ta bar garin. Ta roƙe shi don girman Allah ya rufa mata asiri. Ya ce to, shi ma ta rufa masa, don in ya bar ta da buta gobe kowa buta zai kawo. Ta kwashe tukunyarta ta koma, baƙin zaure suka cinye abincin, har wani na cewa yau wake ya ji mai.

Ta ce da Iliyasu ko za ta nemi aron wani bokitin a wurin masu shayin da ba su buɗe ba. Ya zaro ido kamar ta ce za ta yi sata.

"Ki je ki ari bokiti, naki na ƙofar gida kowa na gani? Me kike so mutane su ce? Su ce Baba ya ƙwace miki? Wallahi ba da ni za a tona wa tsoho asiri ba."

Ka ji fa. A ɗauke maka abu, sannan a ce in ka nemi madadinsa ka yi wa wanda ya ɗauka rashin kunya.

Da ƙyar da siɗin goshi, bayan ta yi kwana da kwanaki ba ta kula shi, Iliyasu ya je ya yi wa mahaifinsa hannunka-mai-sanda. Ya dawo yana washe baki, ya ce Baba ya ce bayan sallar Juma'a zai ɗora hannu. Batulu ta wanke tukwane, ta share rumfa, ta aika wa direbobi cewa Asabar su zo da yunwarsu.

Ranar Juma'ar da hantsi sai ga Talatu, ƙanwar Iliyasu da ke aure a Gwaram, ta zo sanar da sunan jikarta. Tun daga ƙofar gida ta yi arba da bokitin. Ta taka, ta yi shewa, ta sake takawa.

"Baba, don Allah a ara mana wannan mu fita kunyar taro. Wallahi duk Gwaram ba mai irinsa."

Malam Hambali mutum ne mai kyauta, musamman da abin da ba nasa ba. Ya ce, "Me zai hana? Ai kayan gida ne."

Batulu na tsakar gida tana ji aka ɗaure shi a bayan babur. Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado, ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

Ranar suna da ita aka tafi Gwaram, domin matar wa ita ce kan gaba a wajen girki. Ta wuni bakin murhu, hayaƙi na cika mata ido. Da la'asar ta fito tsakar gida sai ta hangi bokitinta a gindin bishiya, mata sun kewaye shi da kofuna. Zoɓo aka cika shi da shi. Mace ta taka, zoɓo ya zubo, a rangaɗa guɗa. Wata ƙatuwar mata ta hau matakin da ƙafa biyu don ta ga ko zai fi zubowa.

Batulu ta ja Talatu gefe. A nan dai tana da baki, don ƙanwar miji ba suruka ba ce.

"Talatu, yau zan koma da bokitina."

"Iye! Matarmu ta yi kaya. To mu da muka saye ki, ke da bokitin duk ba namu ba ne?"

"Ba wasa nake ba. Salla ta matso, za a ba wata rumfata."

Talatu ta tafa hannu ta kira mata: "Ku zo ku ji rowar matar yaya! A kan roba take hararata."

Mata suka fashe da dariya, wata ta ce ai haka ake so, mata da dangin miji in ba tsokana zaman ba ya daɗi. Batulu ta ce, "Wallahi tallahi da gaske nake." Aka ƙara tuntsurewa, aka ce ji yadda ta iya, har da rantsuwa. Nan ta gane inda ta tsaya. Mutum ɗaya ba ta isa ta yi masa magana ba saboda kunya, ɗayar kuma duk abin da ta faɗa mata wasa ne. Hawaye suka zubo mata, aka ce hayaƙi ne.

Da za su taho Talatu ta ce ta yi haƙuri, ta riga ta yi wa maƙwabciyarta alkawari, tana da walimar sauka, da an gama za a aiko. Daga walima bokiti ya wuce wani sunan, daga nan ya tafi taron wata ƙungiyar mata. Ya sha zoɓo, ya sha kunun aya, ya sha lemon tsamiya. Duk Gwaram ba wanda ya taɓa wanke hannu da shi.

A gida kuwa Malam Hambali ya shiga kewar bokiti, har ciwon gwiwa ya dawo. Baƙi dai ba su fasa zuwa ba, sun riga sun san hanya, sun kuma san lokacin sauke tukunya. Buhu ya yi ta ramewa har ya kwanta. Kullum Batulu ta tambayi Iliyasu, sai ya ce ya yi waya, an ce gobe. In ta matsa, ya ce ita ba ta san zumunci ba. Ran nan har cewa ya yi, "Ke da kike ta ɗoki, cutar nan fa tana nan. Wa ya sani ko Allah ne yake kare ki da zaman gida?" Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa rufe hancinsa ba.

Ana jibi salla ta kakkaɓe buhun, abin da ya fito bai cika kwano ba. Ta yafa mayafi ta tafi tasha, ko sarkin tasha zai ƙara mata lokaci. Tun daga nesa ta hangi hayaƙi na tashi a rumfarta. Wata mata mai suna Kubra, wadda a da take tallan abinci a faranti, ta kafa tukwane, ga koren bokiti irin nata a ƙofa, direbobi na takawa suna wanke hannu suna shiga. Sarkin tasha ya taso ya tare ta, yana ta murza hannu.

"Batulu, ki gafarce ni. Na jira ki har na ji kunya. Mutane na zuwa ba abinci, ita kuma ga kayanta a shirye. Kin san alkawari na yi a gaban kowa."

Ta ce, "Ba ka yi laifi ba, Sarki." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Da akwai wanda za ta zaga a tashar nan, da ta samu sauƙi.

Kubra ba muguwa ba ce. Ta ce in Batulu ba za ta ji komai ba, tana neman mai taya ta wanke-wanke. Batulu ta ji komai, amma akwai bakuna a gida. Bayan salla ta fara. Tana durƙushe a bayan rumfar da ta kafa da guminta, tana wanke kwanukan wata, in bokitin Kubra ya ƙare ita ke cikawa. Direbobin da suka saba ce mata Hajiya a ƙaro wake, yanzu sai su gaishe ta da sauri su kau da kai. Da yamma ta ƙullo ƙanzo da ragowar miya ta kawo gida.

Malam Hambali ya buɗe kwano ran nan ya ga ƙanzo, ya ce da abokan zamansa, da ƙarfi yadda za a ji a cikin gida, "Matan yanzu sai addu'a. Hukuma ta ba ki tallafi, ki rasa abin da za ki yi da shi. A zamaninmu mace da tsinke take tada jari." Dattawa suka ce wallahi haka ne, suka sa hannu.

Sai da kaka ta kusa sannan bokiti ya dawo daga Gwaram. Matakin ya karye, famfon an ɗaure shi da robar taya, cikinsa ya rine ja, ga tsaga tun daga baki har gindi. Malam Hambali ya taka, ya taka, ko ɗigo. Dattawa suka gwada, kowa ya girgiza kai ya koma wa butarsa. Kwana biyu yana zaure yana tare hanya, har tsoho ya yi tuntuɓe da ƙafarsa.

A ranar ya aika a kira Batulu. Ta zo ta durƙusa a inda ta saba durƙusawa. Zaure cike da mutane, Iliyasu na gefe. Malam Hambali ya gyara murya, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin bokitin, ya ja addu'a mai tsawo. Ya roƙi Allah ya sa a yi ciniki da shi lafiya, ya kawo kasuwa mai albarka, ya kare shi daga hannun mahassada da masu ɓarna. Aka shafa.

Ya ce, "To ga shi nan, na ba ki. Ki je ki nemi halalinki. Kada gobe a ce ba a taimake ki a gidan nan ba."

Dattawa suka ce, "Madalla da Malam. Ba kowane suruki ne zai yi haka ba."

Iliyasu ya sunkuyo ya ce da ita a hankali, "Kin gani ko? Na ce miki haƙuri."

Ba ɓarawo ne ya shiga gidan nan ba. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata hannu, kuma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya kowa zai rantse maka yana ƙaunarta. Da ladabinta aka yi mata fashi, da rana tsaka, ana yi ana sa mata albarka. Abin da ya fi ƙona rai shi ne har yanzu da sauran aiki a gabanta, domin an yi mata kyauta a gaban mutane, kuma duk zauren ya yi tsit ana jiran ta.

Batulu ta ƙara sunkuyar da kai, ta ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ta tashi ta rungumi bokitin, karyayyen matakin na jan ƙasa. Har ta kai ƙofar shiga gida sai tsoho ya ɗaga murya.

"Af, na manta. In kin buɗe rumfar, a riƙa ƙara mana mai a shinkafar nan. Kwana biyu ta yi bushe."

Ta ce, "To, Baba."